IN KWAMFUTA TA SARƘE ANA TSAKIYAR KIƊA: ABIN DA YA KAMATA MAKAƊAN ZAMANI NA SAKKWATO SU SANI

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Sanin kowa ne cewa tsohon Lardin Sakkwato gidan kiɗa da waƙa ne tun kaka da kakanni. A nan ne aka yi su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, waɗanda suka shahara da kiɗan kotso, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, da kuma Ɗan Anace mai waƙar 'yan dambe da kalangu. A zamaninsu matsalar kayan aiki ba ta wuce fatar ganga ta saki saboda laimar damina ba, ko kuwa tsarkiya ta tsinke, kuma kowane yaron makaɗi ya san maganin wannan tun yana ɗaukar kaya.

To, amma Hausawa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. A yau yawancin waƙoƙin da ake ji a gidajen biki, da na tallar kaya a rediyo, da na 'yan siyasa, da ma wasu ƙasidun bege, a cikin kwamfuta ake haɗa kiɗansu, a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ake kira situdiyo. Wannan sana'a tana ciyar da matasa da dama a cikin birnin Sakkwato, kuma babbar abokiyar gabarta ita ce sarƙewar kwamfuta. Sai ka ji kiɗa yana tafiya lami lafiya, kwatsam ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye, ko ya riƙa tsinkewa, ko kuwa makaɗi ya danna fiyano amma sautin ya ƙi fitowa sai bayan ya ɗauke yatsa. Idan an yi rashin sa'a, manhajar ta rufe kanta, aikin yini guda ya bi ruwa.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Mawaƙin da ya biya kuɗin zama na awa uku ba zai yarda ya kashe biyu yana kallon ana kashe kwamfuta ana kunnawa ba, kuma uwar amaryar da aka yi wa alkawarin waƙa ranar kamu ba ta san uzuri ba. Saboda haka muka ga ya dace mu yi wa masu wannan sana'a bayanin musabbabin ciwon, da maganinsa, musamman da yake yawancin magungunan ba sa bukatar ko kwabo.

YADDA KIƊA YA SHIGA KWAMFUTA

Kafin mu shiga bayanin gyara, yana da kyau mai karatu ya san inda aka fito. A shekarar 1983 ne kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Japan da Amurka suka fito da wata ƙa'ida da ake kira MIDI, wadda ta ba fiyano damar gaya wa wata na'ura irin maɓallin da aka danna, da ƙarfin dannawar, da tsawon lokacinta. A 1996 kamfanin Steinberg na ƙasar Jamus, mai manhajar Cubase, ya ƙirƙiro tsarin VST, sa'an nan a 1999 ya faɗaɗa shi yadda za a iya sa kayan kiɗa sukutum a cikin kwamfuta, watau ganga da goge da sarewa da ba su da jiki sai lissafi. Irin waɗannan ƙananan manhajoji su ne 'yan situdiyo ke kira fulogin. Ita kuwa manhajar FL Studio, wadda ta fi karɓuwa a wajen matasanmu, kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ya yi ta, da can sunanta FruityLoops, sai a 2003 aka canja mata suna.

A ƙasar Hausa kuwa, fina-finan bidiyo da suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990 su ne suka buɗe wa kiɗan zamani kasuwa. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha samfurin PSR shi ne sarki a situdiyoyin Kano irin su Iyan-Tama, kuma da shi aka yi kiɗan da ya sa fim ɗin Sangaya ya yi tashe. Abin lura a nan shi ne, shi fiyano yana haifar da sautinsa da kansa, kwamfuta ɗauka kawai take yi. Da aka koma ga fulogin, sai dukan nauyin ya dawo kan kwamfuta: ita ce makaɗi, ita ce 'yan amshi, ita ce kuma mai ɗaukar sauti, duk a lokaci guda. Nan ne tushen matsalar.

ABIN DA KE JAWO ƘARAS-ƘARAS

Ita kwamfuta ba ta san sauti ba, lambobi ta sani. Domin ta fitar da sautin daƙiƙa ɗaya tak, sai ta lissafa ƙwayoyin sauti 44,100 ga kowane kunne, wani lokaci ma 48,000. Ba ta aika su ɗaya bayan ɗaya, sai dai ta riƙa cika wani ɗan mudu, in ya cika ta miƙa wa lasifika, ta koma cika wani. Wannan mudu shi ne ake kira bafa, kuma mai aiki ne ke zaɓar girmansa: 128, ko 256, ko 512, ko 1024, har zuwa 2048.

Mu ɗauki misali da mai tuyar ƙosai a bakin tasha. Muddin tana kwashe wani kasko kafin na kan faranti ya ƙare, masu saye ba za su san tana cikin gaggawa ba. Amma da zarar faranti ya zama wayam alhali na cikin mai bai soyu ba, sai layi ya tsaya. Haka abin yake ga firosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan ta makara wajen cika mudu ko sau ɗaya, lasifika ba ta da abin furtawa, wannan ɗan giɓin shi ne kunne ke ji kamar ƙaras.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Idan aka raba daƙiƙa gida dubu, kowane kashi sunansa milisakan. Bafa mai 128 tana ba firosesa wa'adin milisakan 2.9 kacal, mai 256 tana ba ta 5.8, mai 512 tana ba ta 11.6, mai 1024 kuwa 23.2. Ke nan babban mudu yana ba kwamfuta sararin numfashi, sai dai yana jawo jinkiri tsakanin danna fiyano da jin sauti. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka jinkirin milisakan 10 daidai yake da a ce makaɗi yana jin gangarsa daga nisan mita uku da rabi, abin da yawancin mutane za su iya jurewa. Amma in ya haura 20 zuwa 30, hannu da kunne sun fara saɓani.

Dabarar da ƙwararru ke bi ita ce a raba aiki kashi biyu. Sa'ad da ake buga fiyano ko ake ɗaukar murya, a sa bafa a 128 ko 256, a kuma rage kayan da ke aiki. Sa'ad da aka gama ɗauka aka koma gyara da daidaita sauti, a mai da ita 1024, domin a lokacin babu wanda jinkiri zai dama. Haka kuma babu dalilin da zai sa a ɗaga yawan ƙwayoyin sauti zuwa 96,000 a waƙar da za ta ƙare a wayar hannu da lasifikar gidan biki, gama yin haka yana ninka wa firosesa aiki sau biyu.

DIREBA DA AKWATIN SAUTI

Abu na gaba da za a duba shi ne direba, watau ƙaramar manhajar da ke tsakanin FL Studio ko Cubase da na'urar da ke fitar da sauti. Direban da Windows ke zuwa da shi an yi shi ne don kallon fim da sauraren karatu, yana bin doguwar hanya. Wanda ya dace da aikin kiɗa shi ne mai suna ASIO, wanda shi ma kamfanin Steinberg ne ya ƙirƙiro. Duk wanda yake da akwatin sauti na waje, irin su Focusrite Scarlett ko Behringer UMC, to, ya sa direban da kamfanin akwatin ya yi masa, ya kuma tabbata shi ne aka zaɓa a cikin manhajar kiɗan. Wanda bai da akwati yana iya rage zafi da ASIO4ALL, wanda kyauta ne, ko da yake maganin wucin gadi ne.

Yawancin waɗannan akwatuna suna da wani maɓalli da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye cikin abin kunne, ba tare da ta ratsa kwamfuta ba. In aka yi amfani da shi, mawaƙi ba zai ji jinkiri ba ko da bafa tana da girma. A kuma soka akwatin a jikin kwamfutar kanta, kada a haɗa shi da linzami da filashi a kan 'yar mahaɗar USB mai araha.

Akwai kuma wasu direbobin da ba ruwansu da sauti amma suna tare wa firosesa hanya na ɗan lokaci, musamman na wayafai da bulutu. Idan kiɗa yana ƙaras alhali kayan da ke cikinsa kaɗan ne, a kashe su a gwada. Wata manhaja mai suna LatencyMon takan nuna sunan direban da ke da laifi bayan an bar ta tana aiki na 'yan mintoci.

RAGE WA FIROSESA KAYA

Sau da yawa makaɗi kan yi mamaki ya ga ma'aunin FL Studio ya kai 100 alhali Windows na nuna firosesa ba ta ko kai rabin ƙarfinta ba. Dalili shi ne firosesar zamani tana da hannuwa da yawa, huɗu ko shida ko takwas, kuma tana iya raba musu layukan kiɗa daban-daban. Amma abin da aka jera a kan layi guda, wannan na jiran wancan, dole hannu ɗaya ne zai yi shi daga farko har ƙarshe. Saboda haka layi ɗaya da aka lafta wa fulogin goma yana iya durƙusar da kwamfuta, sauran hannuwan kuwa suna zaune.

Na biyu, a lura da yawan muryoyi. Fulogin irin su Serum, wanda ya fito a 2014, sukan ninka kowane sauti sau da yawa don ya yi kauri. Idan aka ninka sau 7, aka danna maɓalli 5 a tare, an sami muryoyi 35 ke nan. In injin sautin biyu ne, sun zama 70, kuma in wutsiyar sautin tana da tsawo, kafin waɗannan su mutu wasu 70 sun shigo. Rage ninkin zuwa 3 ko 4, da gajarta wutsiya, yakan sauke rabin nauyin, kuma da wuya mai saurare ya ji bambanci in an haɗa da sauran kayan kiɗa.

Na uku, amsa-kuwwa, wadda mawaƙan Hausa ke so ƙwarai a kan murya, tana cikin masu cin ƙarfi. Maimakon a sa wa kowane layi tasa, a buɗe guda ɗaya ko biyu a wani layi na musamman, sauran layukan su riƙa aika mata sauti gwargwadon bukata. Ban da sauƙin da ake samu, kiɗan yakan fi daɗi, domin sai a ji kamar a ɗaki ɗaya aka buga kome.

Na huɗu, manhajojin gyaran ƙarshe, irin su Ozone, a bar su sai an gama kome. Da yawansu sukan riƙe sauti na ɗan lokaci su duba abin da ke tafe kafin su sake shi, don haka suna ƙara jinkiri ko da bafa ƙarama ce.

Na biyar, kuma shi ne babban magani, shi ne daskarar da layi. Idan makaɗi ya gamsu da yadda ya buga wani kayan kiɗa, sai ya sa kwamfuta ta lissafa shi sau ɗaya ta ajiye shi a matsayin sautin da aka ɗauka, sa'an nan ya kashe fulogin ɗin. Kunna ɗaukakken sauti aiki ne mai sauƙi ƙwarai a wajen firosesa. A Cubase ana kiran wannan Freeze ko Render in Place, a FL Studio kuwa Consolidate. Sai dai a ajiye ainihin bugun na MIDI, ko da mawaƙi zai dawo gobe ya ce a canja masa karin waƙa. A FL Studio akwai kuma Smart disable, wanda ke sa kowane fulogin barci a duk lokacin da ba ya fitar da sauti, shi ma a kunna shi ga dukan layuka.

RAM DA FAIFAN AJIYA

Kayan kiɗan kwamfuta iri biyu ne. Akwai masu ƙirƙirar sauti da lissafi, waɗannan firosesa suke ci. Akwai kuma waɗanda aka ɗauki sautin ainihin kayan kiɗa aka tara musu, irin su Kontakt na kamfanin Native Instruments da ke Balin, wanda ya fito a 2002, waɗannan ram da faifan ajiya suke ci. Ram kamar tabarmar ɗan kasuwa ce, inda yake baza abin da yake sayarwa yanzu, faifai kuwa shi ne sito. In tabarma ta cika, dole a riƙa zirga-zirga zuwa sito, a nan ne kwamfuta ke yin nauyi kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri.

Kwamfuta mai ram gigabait 4, Windows kaɗai ya kusa cinye ta. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi sana'a da shi, 16 kuwa shi ne kwanciyar hankali. Kafin a sayo ƙari a duba irin wanda kwamfutar ke ɗauka, domin DDR3 ba ya shiga gurbin DDR4. A kuma sani cewa tsohuwar manhaja mai bit 32 ba ta iya amfani da fiye da gigabait 4 kome yawan ram ɗin da aka sa, saboda haka a koma ga mai bit 64. A cikin Kontakt akwai umurnin Purge, wanda ke zubar da sautukan da waƙar ba ta taɓa ba, yana rage cin ram sosai.

Game da faifai, yawancin kwamfutocin gwanjo na dā suna zuwa da mai juyawa, wanda ke zagaye 5,400 a minti, yana da allura kamar ta garmaho. Kafin allurar ta nemo sauti guda sai an yi milisakan 10 ko fiye, alhali mun ga wa'adin bafa mai 128 ko 256 bai kai haka ba. Faifan SSD ba shi da abin da ke motsi, yana nemo abu cikin ƙasa da milisakan ɗaya, kuma ko mai araha daga cikinsu yana karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, watau wajen ninki biyar na mai juyawa. Duk wanda kuɗinsa bai isa sabuwar kwamfuta ba, babu gyaran da ya kai canja faifai zuwa SSD amfani. A kuma guji cika shi maƙil.

ZAFIN SAKKWATO DA ƘURAR HUNTURU

Yanzu kuma mun zo kan abin da ya keɓanta da garinmu. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce. Su kuwa masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka, yawanci iyakar zafin ɗakin da suka yarda a yi aiki da ita a ciki shi ne digiri 35. Ga shi kuma situdiyo ɗaki ne da ake toshe tagoginsa, a manna masa soso a bango, a kuma kashe fanka lokacin ɗaukar murya don kada ƙararta ta shiga makirfo.

Ita firosesa in zafinta ya kusa digiri 100 takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Fankar cikin kwamfuta kuwa da iskar ɗaki take sanyaya ta. A ɗaki mai digiri 25 tazarar da ke tsakani 75 ce, amma a ɗaki mai digiri 42 ta koma 58, watau an yi hasarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ikon sanyayawa tun kafin a buga ko da maɓalli ɗaya. Wannan ne ya sa waƙar da ta tafi sumul da hantsi sai ta riƙa sarƙewa da azahar, alhali ba a ƙara mata kome ba. Alamar wannan ciwo ita ce aiki ya fara lafiya, bayan minti ashirin ko talatin ya lalace, fanka tana ta kuka. Manhajar HWMonitor ko Core Temp takan nuna zafin a fili.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma sai hunturu ya kawo tasa gudunmawa. Ƙura takan taru a bakin fanka ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar iska, sai zafin bazara ya zo ya tarar da hanya a rufe. Saboda haka ƙarshen Fabrairu shi ne lokacin da ya fi dacewa a kai kwamfuta wajen mai gyara ya buɗe ta, ya kakkaɓe ƙura, ya kuma sabunta man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, wanda yakan bushe bayan 'yan shekaru. Rigakafi dai ya fi magani. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta kaɗan iska ta riƙa ratsawa, a lulluɓe ta in an tashi aiki. Aiki mai nauyi kuwa, a bar shi sai da sassafe ko da dare.

WUTAR LANTARKI

Wutar Sakkwato daga Kainji take tasowa ta biyo ta Birnin Kebbi, kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba ta, kuma ba sai an gaya wa mazaunin Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo yadda take zuwa da tafiya ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma, kowace awa da janareta ya yi tana cin wani abu daga ribar mai situdiyo, don haka ɓata lokaci wajen fama da kwamfuta hasara ce biyu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da zarar an ɗauke wuta kwamfutar tafi-da-gidanka ta koma kan batir, sai ta rage wa firosesa gudu don tattalin caji. A shiga wajen tsarin wuta na Windows a zaɓi mafi ƙarfi, a kuma hana shi kashe ramukan USB da sunan tattali, gama hakan kan sa akwatin sauti ya ɓace ana cikin aiki. Caja ma tana da nata. Wasu kwamfutoci, irin su na Dell, in ba su gane cajar da aka soka musu ba, ko kuwa ƙarfinta bai kai ba, sukan rage gudu ƙwarai. Araha ba ta ado, a nemi caja ta ainihi.

Mai babbar kwamfuta ta tebur lalle ne ya sami UPS, ko da wanda zai ba shi minti biyar ne ya ajiye aiki. Mai sayen inbata ya nemi mai ba da tsabtatacciyar wuta irin ta gidan wuta, domin mai araha takan sa lasifika gunji. Shi gunjin nan, da wanda ake ji in an soka caja, ba laifin firosesa ba ne, matsalar wayoyin wuta ce, kuma sau da yawa yakan ragu in an haɗa dukan kayan situdiyo a soket guda mai wayar ƙasa. A kuma sa manhaja ta riƙa ajiye aiki da kanta kowane minti biyar ko goma, sa'an nan kowace waƙa a sami kwafinta a wani faifai na daban.

MANHAJAR BAYAN FAGE

Akwai wata magana da ba a cika son ji ba. Yawancin fulogin da ake kwafa a filashi daga hannu zuwa hannu an fasa makullinsu ne, kuma ba safai mai karɓa ke sanin abin da aka cusa a ciki ba. An sha kama irin waɗannan ɗauke da ɓoyayyar manhajar da ke amfani da firosesar mutum tana haƙo wa wani kuɗin intanet. In ka ga firosesa tana aiki tuƙuru alhali ba ka buɗe kome ba, to, ruwa ba ya tsami banza. Ban da haka, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da ke kare waƙar mawaƙi ita ce ke kare manhajar mai manhaja.

Akwai hanyoyin halal masu sauƙi. Wanda ya sayi FL Studio sau ɗaya yana samun sabuntawa kyauta har abada. Manhajar Reaper, wadda aka santa da rashin nauyi a kan tsohuwar kwamfuta, dala 60 ce ga ƙaramin mai sana'a, bayan gwajin kwana 60. Fulogin mai suna Vital yana da samfurin kyauta. Guda goma da mutum ya laƙanta sun fi ɗari uku da bai san kansu ba. Mai shirin sayen kwamfutar gwanjo kuma ya tuna cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 yana neman firosesar Intel ta zubi na 8 ko sama da haka.

A TUNA DA MASU KOTSO

Daga ƙarshe, akwai wani magani da Sakkwato ta fi kowa arzikinsa. Manyan rumbunan sautin da ake sayowa daga Turai da Amurka an cika su ne da kayan kiɗan can, da wuya ka sami kotso ko taushi a ciki. Sai ka ga makaɗi ya jera fulogin biyar yana lanƙwasa wata baƙuwar ganga don ta yi kama da kalangu, kwamfuta tana nishi, abin kuma bai yi kama ba. Ai kalangu magana yake yi, mai kiɗa yana matsa tsarkiya yana saki, sauti yana hawa yana sauka daidai da karin harshen Hausa, abin da yake da wuyar kwaikwayo da maɓallin fiyano.

Alhali kuwa in aka gayyato mai kalangu ko mai kotso aka kafa masa makirfo, ɗaukar minti ɗaya ba ta wuce megabait 8 ba, kuma kunna ta ba ya ɗora wa firosesa wani nauyin a zo a gani. Da haka kwamfuta ta huta, waƙa ta sami ɗanɗanon gida wanda situdiyon Legas ba zai iya sayowa ba, shi kuma makaɗin gargajiya ya sami na cefane. Sai dai a yi yarjejeniya da shi a fili, musamman in za a yanka bugunsa a ajiye don amfani a wasu waƙoƙin, a biya shi haƙƙinsa.

Shawararmu ga mai situdiyo ita ce, in kwamfuta ta fara gardama kada ya yi saurin cin bashi don sayen sabuwa. Ya fara da abin da ba ya cin kuɗi, watau direba da bafa da tsarin wuta da daskarar da layuka. In bai ga sauƙi ba ya duba zafi da ƙura, daga nan ya koma ga SSD da ƙarin ram. Ya riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda yana gwadawa da waƙar da ta fi ba shi wahala, don ya san wanda ya yi magani. Kuma ya yi duk wannan a ranar da ba shi da baƙo, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kuma kira ga manyan makarantunmu, irin su Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da gidajen watsa labarai irin su Rediyon Rima, da su duba yiwuwar shirya wa waɗannan matasa gajerun kwasa-kwasai a kan sarrafa sauti da kula da kwamfuta, domin sana'ar ta riga ta zauna da gindinta, abin da ya rage shi ne a ba ta ilminta.